Zabin da Suka Zo ta Ruwa

Na san abin da 'ya'yan Yaya Sule suke faɗa a kaina a Kano, domin 'yata Halima ta dawo daga bikin da ta je idonta jajir, kuma sai da na matsa mata ta buɗe baki. Wai ni na sayar da ubansu ga hukumar Gabon don a ba ni takardar zama. To, 'ya'yana, tunda abin ya kai ana yaɓa muku shi a cikin taro, bari in rubuta yadda aka yi da hannuna, tun ina da sauran hankali. Ba zan wanke kaina tas ba, don ba tas nake ba. Amma wanda zai zage ni, ya zage ni a kan abin da na yi.

Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kawo ni Libreville, babban birnin Gabon. A shekarun nan fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi ya yi wa garin yawa har ba wanda yake da lokacin kiwon kaza. Komai daga jirgin ruwa ake sauke shi, har da kaji, a daskare cikin kwali, farare fat kamar ba su taɓa rai ba. Mutanen gari suna saye suna ci hankali kwance. Mu kuwa ba ma iya haɗiye su. Wa ya yanka? Da wane hannu? Ya ambaci sunan Allah ko kuwa inji ne ya fille kan? A nan Yaya ya ga abincinsa. Ya kafa rumfar kaji masu rai a layin masu kaji da ke Nkembo, ya ba ni wuƙa da benci da bakin kwata, na zama mai yanka. Ba yabon kai ba, hannuna ya yi suna. Mata sukan shiga taksi tun daga unguwannin Lalala da Awendjé da kazarsu a leda, su wuce masu yanka uku su zo wurina, don in an ce yankan Ɗanladi ne, ko liman ba ya tambaya. Ba ni da rumfa, ba ni da kaza ko ɗaya tawa. Wannan yardar ita ce duk abin da na mallaka a ƙasar.

Akwai wata ƙa'ida da muka tashi da ita tun a gida, kuma sai kun gane ta za ku gane sauran labarin. In kaza ta fara gyangyaɗi, ta saki fukafukai, ba a jira. Ana sa mata wuƙa tun tana numfashi, kafin ta mutu ta zama mushe. Irin wannan ba ma sayar wa mai saye, Yaya bai yarda da haka ba, gida ake kai ta a ci, ko a miƙa wa maƙwabci. A wurinmu wannan tsoron Allah ne, hana ɓarnar halal ne. Kuma tunda ni ne mai wuƙa, yawancinsu gidana suke ƙarewa, mahaifiyarku Binta ta fige ta gyara. A shekarar da nake ba ku labari tana ɗauke da cikin autanku, ya yi nauyi, sai ta zauna a kan turmi take aiki.

A shekarar ne rediyo ta cika da maganar murar tsuntsaye a Najeriya. Ana cewa gonaki suna ƙarewa a kwana biyu, ana cewa a wasu ƙasashe ta kama mutane. Hukuma a nan ta hana shigo da duk wani abu mai fukafuki daga can. Mu a layi dariya muka yi. Tun kakanninmu kaji suke mutuwa, yau ne za a ce kaza tana mura?

Ba a daɗe ba sai ga wata mata ta fara zuwa layinmu. 'Yar ƙasar ce, doguwa, da takalmin roba har gwiwa da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Ta ce ita likitar dabbobi ce mai bincike, tana so ta riƙa goga auduga a maƙogwaron kaza da ƙarƙashin wutsiyarta, ta sa a 'yar kwalba ta tafi da shi ɗakin gwaji. Ran nan muka raɗa mata Mai Auduga, kuma har ta daina zuwa ba wanda ya damu ya riƙe sunanta na gaskiya. Yaya ne babban layi. Bayan la'asar ya tara mu a bayan rumfa.

"Kada wanda ya ba ta ko gashin kaza," in ji shi. "Yau auduga, gobe kontirol, a zo ana duba takardun kowa. Wanda bai san halin garin nan ba ya tambaye ni."

Malam Hamadu, mutumin Garwa mai rumfar kusa da tamu, ya ce shi ya riga ya gano bakin zaren. "Masu kajin ƙanƙara ne suka turo ta. So suke a ce namu na da cuta, a rufe mu, kowa ya koma cin mushensu."

Ni ma haka na ɗauka, kuma na fi kowa zafi. Abin da ya ƙara mini zargi, da muka hana ta, sai ta riƙa sayen kaza da kuɗinta, ta goga audugarta, ta miƙa wa mai suyar ayaba kazar kyauta ta yi gaba. Wane mai hankali ne zai sayi kaza don ya leƙa bakinta kawai? Na ce lallai wannan akwai wanda yake biyan ta, kuma ba don Allah ba. Duk mako takan zo ta zauna a ƙarshen bencina ba tare da an yi mata tayi ba, ta zuba wa kwatar da nake yanka ido, tana rubutu a ɗan littafi. Ni kuma in sha mur, in riƙa watsa ruwa da gangan ta wajen ƙafarta. Ko a jikinta.

Wata rana ruwan sama ya tsare mu ni da ita a ƙarƙashin kwano ɗaya, irin ruwan Libreville da ba ya sanin ya isa. Faransancina na kasuwa ne, amma yana kai ni inda zan je. Na ce mata ta gaya mini gaskiya, me take nema a kwata?

"Hanya nake nema," ta ce. "Cutar nan ba ta da ƙafa. Ɗaukar ta ake yi. Tana bin kashin kaji, ta manne a kwando, a tayar mota, a tafin takalminka. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura ma suna yawo da ita. In mun san ta ina take bi, mun san inda za mu tare."

Na ce to in ta same ta a cikin audugar, ta yaya za ta san daga ina ta zo? Sai ta nuna fuskar Malam Hamadu, wanda yake can yana kakkaɓe ruwa daga rumfarsa.

"Kai in ka ga tsagar fuskar mutum, ba ka sanin garinsu? Ita ma ƙwayar cutar tana da tata tsagar. A ɗakin gwaji muna karanta ta, mu ce wannan 'yar waccan ce, waccan kuma daga ƙasa kaza ta fito."

Ita tana ganin ta burge ni. Ni kuwa tsoro ta ba ni, domin na san abin da ke tafe a kan ruwa. Sallah ta matso, kuma manyan 'yan kasuwarmu ba abin da suke marmari irin zabin gida. Yaya ya riga ya shirya da wani mai jirgi, an jero kwandunan zabi a ƙarƙashin buhunan albasa tun daga Najeriya. Da na ji maganar tsaga sai na ce a raina, ashe matar nan ta fi jandarma, 'yan sandan ƙasar, haɗari. Jandarma sai ya ga kwando. Ita daga maƙogwaron tsuntsu za ta karanta sunan garinmu.

Kafin ruwan ya ɗauke ta ƙara wata magana da ban nema ba. Ta ce wanda ya fi shiga haɗari ba mai cin naman ba ne in ya dahu, mai yanka ne da mai figa, wanda yake shaƙar ƙurar gashin marar lafiya. Na ce mata mu Allah ke tsare mu. Ta ce ta ji, ta rufe littafinta.

Zabin suka iso, aka zuba su a ɗakin bayan rumfa tare da kajin da ake ajiyewa. Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar na tarar da biyu sun takure a lungu. Na sa wuƙa, na kai gida. Washegari biyar, har da kaji. Zawo kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Na zama ba na komai sai tseren riga mutuwa, ina yankawa ina cusawa a buhu. Gidana ya cika da gashi. Binta tana kan turminta daga hantsi har la'asar, gashin zabi a ɗankwalinta, a girarta, tana share gumi da bayan hannu. Maganar Mai Auduga ta riƙa dawo mini, ina korar ta tana dawowa. Na ce wa Binta ta bari haka nan.

"In bari su ruɓe, Malam? Halal ce fa, kai ka yanka da hannunka. Ko ka fara jin maganar matar nan taku?"

Na ƙyale ta ta ci gaba, don ba na so a ce na fara. Kwana biyu bayan haka ta tashi da zazzaɓi, jiki kamar garwashi, da wani ɗan tari. A garin da sauro ya fi mutane yawa zazzaɓi ba labari ba ne, na sani. Amma na tsaya a kanta ina kallon cikin nan yana ɗagawa yana sauka, ga gashin zabo ɗaya maƙale a bakin tabarma, sai tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na tafi wurin Yaya, na durƙusa kamar yadda na saba, na ce ya bari matar nan ta gwada ko guda ɗaya, mu san abin da muke ciki.

"Fakat ne," ya ce. "Ciwon kaji ne da aka saba da shi, ba ya kama mutum. Tun kana cikin tsumma nake ganin fakat. Wuyan nan da ke murɗewa ba ka gani ba?"

"Yaya, in ba shi ba ne fa? Binta tana kwance."

"Ka saya mata maganin sauro. Ɗanladi, ka dube ni da kyau. In matar nan ta taɓa zabon nan, ba ni kaɗai zan nutse ba, duk layin nan ne. Mutum nawa ne a nan sejur ɗinsu, takardar zamansu, ya mutu? Ni na kawo ka garin nan. Kada ka sa in yi da na sani."

Na ce to. Wallahi da na ce to ɗin, da gaske nake. Amma da gari ya waye, Binta ta kasa ɗaga kai ta sha koko, sai na ɗauki zabuwa ɗaya daga cikin na jiya, na naɗe ta a buhu. Na san inda Mai Auduga take sauka daga taksi, can nesa da layi, wajen masu gyaran taya. Na tare ta a nan. Ban yarda da ita ba ko a lokacin, ku sani. Na miƙa mata buhun ne kamar mai miƙa wa maciji hannu. Na ce ta rantse sunana ba zai fito ba.

"Ba zan rubuta sunanka ba," ta ce. "Amma ba zan yi maka ƙarya ba, in na ga abin tsoro ba zan yi shiru ba. Daga ina abin da ke buhun ya zo?"

Na ce daga daji. Ta buɗe buhun, ta dubi zabuwar, ta dube ni. Ta tambaye ni wa yake figa. Da na gaya mata, sai fuskarta ta canja. Ta ce in kai Binta asibiti yanzu, ba anjima ba, in gaya musu ta taɓa tsuntsaye marasa lafiya, kuma kada kowa ya ƙara taɓa gashin nan. Na kai ta. Aka ɗebi jini, aka ce zazzaɓin sauro ne, aka yi mata allura. Kwana uku ta miƙe tana neman tuwo.

A rana ta ukun ce kuma motoci suka tsaya a bakin layi. Mutane cikin fararen kaya har fuska, jandarmomi a bayansu. Ba su yi dube-dube ba, kai tsaye suka nufi ɗakin bayan rumfar Yaya. Daga nan suka bi layin rumfa rumfa, suka kwashe duk wani abu mai fukafuki, mai lafiya da marar lafiya, aka tafi da su a ƙone. Sallah saura 'yan kwanaki. Malam Hamadu ya zauna a ƙasa yana kallon kwandunansa wayam, dattijo da gemunsa, yana hawaye. Sai jandarmomi suka ce kowa ya fito da takarda. Mutum biyu aka tafi da su, kuma ba su ƙara kwana a ƙasar ba. Yaya ya yi kwanaki a tsare, da ya fito aka ce rumfar ba tasa ba ce kuma. Mai Auduga tana wurin, a can gefe da littafinta, ba ta ko kalli inda nake ba.

Ga inda maganar takarda ta samo asali. Tawa ta fito ne makonni kaɗan kafin wannan, bayan na yi wata da watanni ina sintiri a ofis, kuma Yaya da kansa ya raka ni ranar da na karɓo. Jandarma ya duba, ya ga sabuwa ce dal, ya mayar mini har da cewa madalla, a gaban kowa. Mai gyaran taya kuma ya riga ya gaya wa Malam Hamadu ya ga Ɗanladi da buhu. Aka haɗa wannan da wancan, kafin magariba labari ya gama Nkembo. Yaya ya san ƙarya ce, ya san ranar da takardar ta fito. Bai taɓa faɗa da bakinsa cewa an saye ni ba. Amma bai taɓa ƙaryatawa ba, kuma wannan na riƙe shi a zuciya shekaru, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan makonni sai ga ta a ƙofar gidana, ba takalmin roba, da takarda a hannu. Ta ce an gwada a nan, an aika waje an sake gwadawa. Ba murar tsuntsaye ba ce. Da ta kwatanta mini ciwon da suka samu, na gane shi tun kafin ta gama. Fakat ne, kamar yadda Yaya ya faɗa tun ranar farko, ba tare da auduga ko kwalba ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta wa ya turo motoci, tunda ko sakamako bai fito ba a lokacin.

"Ban rubuta sunanka ba," ta ce. "Amma dole in rubuta irin tsuntsun da alamun da na gani. Shugabana ya ga an ce zabuwa, ya ce ba mai kiwon irin wannan a nan. Alamun cututtukan biyu kusan ɗaya ne, ba wanda zai jira. Da ita ce fa, kwana ukun nan ma sun yi yawa."

Na ce to ta yaya suka san ɗakin baya? Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Wataƙila kukan zabi ne ya tona, don zabo ba ya iya rufe baki. Wataƙila kuma duk zaman da take yi a bencina idonta yana kan ƙofar nan. Har yau da nake rubutun nan ban yanke ba, kuma na fi karkata ga zarginta. Da za ta tafi ta ce kada in ga kamar aikin banza ne, a wurinsu sanin cewa cutar ba ta iso ba shi ma ilimi ne. Na ce ta gaya wa Malam Hamadu haka. Binta ce ta fito ta ba ta ruwa, ni ban iya ba.

Bayan ta tafi na zauna a bakin ƙofa, na ce wa mahaifiyarku na rusa layi guda a kan zazzaɓin sauro.

"Ni ban ce ka je ba, Malam," ta ce. "Amma ranar da ka je, ka san na sauro ne?"

Na ce ban sani ba.

"To."

Iyakar abin da ta taɓa cewa a kan maganar ke nan har ta rasu. Ni ma a nan na tsaya. Na yi kuskure a kan cutar, Yaya ya yi daidai. Na karya alkawarin da na yi masa, mutum biyu sun rasa zamansu, wasu ba su ƙara tashi ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan haƙƙinsu. Amma da za a mayar da ni safiyar nan, da matata a kwance da cikinta, ban san abin da ke jikinta ba, buhun nan zan sake ɗauka. In 'ya'yansa sun sake tare ku, kada ku rama da zagi, ubansu ya yi mini abin da uba yake yi. Ku gaya musu wannan kawai.

Da aka haifi autanku na sa masa Sulaimanu, sunan Yaya, ina ganin ko wannan zai sanyaya shi. Ranar suna bai zo ba, kuma rabin waɗanda na gayyata sun bi sahunsa. Na yanka ragon da hannuna, na cire cinya mafi kyau kamar yadda ake fitar wa babba, na naɗe ta, na shiga taksi zuwa gidansa a Lalala. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida tare da mutane huɗu ko biyar, duk 'yan layinmu na da. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce an samu takwaransa. Ya ce Allah ya raya, ya yi wa yaron addu'a mai tsawo, har na fara jin sanyi a raina. Sai na tura naman gabansa. Ya dube shi, bai taɓa ba.

"Ɗauki abinka, Ɗanladi," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Ba na cin yankanka."

Ba wanda ya ɗaga kai. Sun ji, kuma na san kafin Juma'a duk wata mace mai kaza a leda za ta ji. Haka kuwa aka yi. Na yi mako biyu ina zama a bencina da wuƙa a wanke, ana wuce ni ana gaishe ni, sannan na naɗe ta na koma ɗaukar kaya a kantin wani mutumin Zinder. Yaya ya koma Kano daga baya, muna gaisawa a waya duk Sallah, gaisuwa kawai, har Allah ya karɓi abinsa.

Cinyar nan na dawo da ita gida a kan cinyata, a cikin taksi. Binta ta dube ni ta dubi ƙunshin. Da jegonta ta tashi ta soya, don ba a zubar da halal. Kwana uku muna cin ta mu biyu.